Allo Biyu a Bakin Gada

Biyu ne cikin 'ya'yana suka tsaya a Yawuri,
sauran ruwa ya kai su inda abincinsu yake.
Hakilu kansila ne.
Shafa'atu kuwa 'yar ƙungiya ce,
irin masu yawo da littafi a jaka
suna ƙirga rijiyoyin da suka mutu.

Da asuba ƙofar Hakilu ta fi bakin kasuwa cika.
Mai takardar asibiti, mai kuɗin jarrabawa,
mai son a raba shi da maƙwabci kan magudanar ruwa,
da tsohon da ya zo gaisuwa kawai,
gaisuwar da ke da aljihu.
Albashinsa yakan ƙare kafin ya gan shi.
Daga nan sai sakatariya, fayil a hammata,
ya zauna kan benci yana jiran ciyaman,
ciyaman na Birnin Kebbi, shi ma yana jiran wani.

Ita takan shiga kwalekwale rana ba ta yi ƙarfi ba,
takalmi a hannu, ta sauka a tungaye,
ta zauna da mata inda suke banda kifi,
ta tambayi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.
Da dare, da fitilar waya,
tana rubuta wa mutanen da ba su taɓa ganin Kwara ba.
Sau tara a ce mata a'a,
na goma a ce ta sake lissafi.

Ranar Juma'a suke haɗuwa kan akushina.
Ta ce, Yaya, kuna da hatimi, ba ku da ƙafa.
Ya ce, ku ƙafa gare ku, amma kuɗinku baƙo ne,
ranar da ya ɗaure kayansa, wa za a zaga? Ni.
Ni dai in ƙara miya,
in ce ku ci kafin tuwon ya huce.

Bara rafi ya cinye gadar katakon Tungar Maje.
Yara suka yi wata biyu ba boko,
wata mai naƙuda ta haihu a wannan gaɓar
tana hango rufin asibiti a waccan.
Shafa'atu ta samo siminti buhu ɗari da ashirin,
amma ba ta da izinin taɓa hanya.
Hakilu yana da izini, da tifa ɗaya mai tari,
ba shi da ko buhu.
Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya kira wani.
Taurin kan nan na babansu ne, Allah ya jiƙan shi.

Sai na aiki jikana da saƙo ɗaya gida biyu:
Inna ba ta jin daɗi.
Suka shigo a guje, suka tarar ina suya.
Na sa wa zaure sakata, na koma kan kaskona.

Ban ji abin da suka faɗa ba, mai yana ƙara.
Na dai ga ta yago takarda daga littafinta,
na ga ya laluba aljihu ya ciro biro.

An gama gadar kafin shinkafa ta nuna.
Aka kafa allo biyu,
na ƙaramar hukuma a gabas, na ƙungiya a yamma,
kowanne da harufa kamar kan ragon ruwa.
Yanzu masunta na shanya koma a kan ɗaya,
ɗayan kuma akuya ta mai da shi abin susa.

Jiya a tasha na ji ɗan acaba yana tambayar fasinja:
ta ina za mu bi,
ta gadar 'ya'yan mai kifi?
Ban faɗa musu ba.
Jibi Juma'a, kuma na ji an ce
famfon makarantar ya daina kawo ruwa.